Rani Na Allo, Damina Ta Gona: Tarihin Almajiran Gidan Malam a Birnin Katsina

Idan kaka ta kammala a ƙasar Katsina, an girbe gero da dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, an roro wake, akwai shawara guda da takan rage wa magidancin ƙauye na da: ina 'ya'yansa maza za su ci rani? Daga watan Nuwamba zuwa saukar ruwan farko wata shida ne ko bakwai, ba shuka ba noma, sai ƙurar hunturu, bayanta zafin bazara. Yaro ɗan shekara takwas ko goma in aka ƙyale shi, a harbin tsuntsu da bin ƙadangaru zai cinye ranin nan kaf. Sai uban ya naɗe masa 'yar tabarma, ya ba shi ƙwarya da allo, ya kama hannunsa su nufi gidan malam. Wani lokaci malamin yana nan cikin garin, shi ma yana haramar tashi da ayarinsa. Wani lokaci kuwa sai an taka har birni. A zaure za a durƙusa a gaisa, uban ya ce, "Allah gafarta malam, ga amana na kawo." Malam ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." A ajiye damin hatsi ko 'yan tiyoyi, a shafa fatiha. Ba takarda, ba sa hannu. Amma duk wanda ke zauren ya san ranar da amanar za ta koma hannun mai ita: ranar da hadari ya haɗo daga gabas, ƙasa ta jiƙa, aka ɗauko sungumi.

Wannan ranar komawa ita nake so mai karatu ya riƙe a ransa. A yau in aka ce almajiri, abin da ke faɗo wa mutum shi ne yaro da roba a bakin gidan mai ko ƙofar gidan abinci, kuma muhawararmu duk a kan robar take ƙarewa. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da kakanninmu suka gina makaranta ce ta kwana, wadda iyali guda ke riƙe da ita a cikin gidansu, mai lokacin buɗewa da lokacin tashi, kuma agogonta damina ce.

Ba mu kaɗai muka taɓa tunanin raba yaro da ɗakin uwarsa na ɗan lokaci don ya yi hankali ba. A Amurka, cikin 1861, wani malamin makaranta mai suna Frederick Gunn da matarsa Abigail suka kwashi ɗalibansu a jihar Connecticut suka kai su bakin teku, suka kafa tantuna na mako biyu. Daga nan Amurkawa ke ƙirga asalin sansanonin hutun yara da suka cika ƙasarsu, da yawansu kuwa har yau a hannun iyali guda suke, ɗa ya gaji uba. Sai dai su daga birni suke fitar da yaro zuwa daji, don ya huta da littafi ya koyi iyo da hura wuta. Mu daga ƙauye muke kai shi birni, don ya huta da fartanya ya kama allo. Su kuɗi uba ke biya. Mu gari ne dukansa ke biya, da tuwon dare.

Me ya sa Katsina? Domin tun ƙarni na 15 sunanta ya fita a matsayin garin karatu. Masu tarihin baka suna danganta masallacin Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma hasumiyarsa ta ƙasa, mai tsawon kimanin ƙafa 50, tana nan tsaye a tsakiyar birni. Wajajen 1493 Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna a Katsina da Kano yana karantarwa. A wannan zamanin ne kuma Imam Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha daga Misira zuwa ga sarakunan ƙasashen nan, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim. Bayan su ga Muhammadu ɗan Ahmadu al-Tazakhti, wanda ya yi karatu a Timbuktu, ya je hajji, ya dawo ya zauna Katsina ya zama alƙali har ya rasu wajajen 1529. Katsinawa suna kiran sa Wali Ɗan Takum, kuma maƙabartar da ke ɗauke da sunansa ba ɓoyayya ba ce. Ahmad Baba na Timbuktu ya sa shi a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya.

A ƙarni na 17 sai ga waliyyai biyu da kowane yaron Katsina ya san sunansu: Ɗan Marina, wato Muhammadu ɗan Sabbagi, da Ɗan Masani, wanda asalin gidansu Barno ne, aka haife shi a 1595, ya rasu a 1667. Ɗan Masani ya yi sharhin Ishiriniya, wannan da har gobe ake rerawa a zaurukan birni cikin watan Mauludi. A maƙabartar Ɗan Marina aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Littattafai sun riƙe mana sunayen waɗannan manya da abin da suka wallafa. Unguwanni kuwa sun riƙe wani abu daban. Masanawa unguwar zuriyar Ɗan Masani ce. Ka duba Unguwar Liman, ka duba Unguwar Alƙali, ka shiga Gambarawa da Gafai da Tsohuwar Kasuwa: ilimi a birnin nan a gida yake zaune, yana bin jini da auratayya. Ba a gina wa karatu wani gini can gefe aka sa masa shugaba da ma'aji ba. Zauren malam shi ne aji, soronsa shi ne ɗakin kwana, madafar matarsa ita ce madafar makaranta. In ya tsufa babban ɗansa ya hau buzun. In ba shi da ɗan da ya kai, ya ɗauki 'yarsa ya ba haziƙin gardinsa sadaka, makaranta ta ci gaba a hannun suruki.

Har a ƙasar waje a gidan mutum malaminmu yakan sauka. Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina da ya shahara a ilimin lissafi da hatimi, ya yi karatu a nan da Barno, ya je hajji, ya ƙarasa rayuwarsa a Alƙahira. A gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman al-Jabarti mai tarihin Misira, ya rasu cikin 1741, kuma a hannun mai gidan ya bar littattafansa.

Karatun gidan malam hawa-hawa ne, kuma ya kamata a bambance. Akwai makarantar allo ta 'yan unguwa, waɗanda ke zuwa safe da yamma su koma ɗakin iyayensu. Akwai makarantar ilimi, ta manya, inda ake zama gaban malam da littafi ɗaya bayan ɗaya, daga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, har mai rabo ya kai Muhtasar. Wannan ita ce Katsina ta fi alfahari da ita. Sannan akwai baƙin rani, masu kwana. Kalmar tsangaya da tsarin hardar da ke tattare da ita daga Barno suka zo mana, shi ya sa wanda ya ƙudurta haddace Alƙur'ani da rubuta shi da ka akan ce ya tafi gabas. Asalin tsangaya 'yan bukkoki ne na kara da zana a gefen gari, waɗanda almajirai ke kafawa da hannunsu in an sauka, su bar su in an tashi. Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, ana nufin karar da mutanenta ke yi wa baƙo. Ɗan ƙauyen da ya zo cin rani ya san ma'anar ta fuska biyu: a ɗakin kara yake kwana, da karar mutanen gari yake ci.

Ga yadda yini yake. Tun kafin assalatu gardi zai tayar da yara, a hura wutar karan da suka roro jiya da la'asar, a kewaye ta, kowa da allonsa. Mai wucewa zai ji kamar hayaniya ce, ashe malam yana zaune yana tsintar kuskuren kowa a cikinta. Yaro na can ƙarshen da'ira zai ja wasali inda ba a ja, sai ka ji an gyara masa ba tare da an ɗaga kai ba. Sabon shiga, wato kolo, da babbaƙu yake farawa, haruffa tsirara ba wasali, da sunayen da Bahaushe ya raɗa musu don su zauna a kan yaro: alu ambaki, ba guje, ha kuri, min jaye, nun ara. In ya gane su sai farfaru, a sa musu wasali. Daga nan ya fara biya ayoyi, in ya iya a ce ya wanke, a rubuta masa na gaba, har ranar da za a ce ya ɗauki alƙalami ya rubuta da kansa. Allon na icen aduwa ne, alƙalamin na gamba, tawadar kuwa gawayi ce da ƙaro a cikin kurtu. Da ruwayar Warshu ake karatun, da irin rubutun da ya gangaro mana daga Magrib. Kolo ya girma ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi in Allah ya nufa ya zama alaramma, cikin alarammomi kuma a sami gwani. Izu sittin ne, kuma mai zuwa rani kawai yakan shekara da shekaru kafin ya ga zayyana a allonsa. Ba wanda ke gaggawa. Bana ya tsaya inda ya tsaya, baɗi ya ɗora.

Da hantsi a tashi. Ƙanana su bazu neman abin kari, manya su tafi sana'a. Gardi ba ya bara, abin kunya ne gare shi: ɗinkin hula yake yi, ko yankan farce, ko ga-ruwa, ko dako a kasuwa, ko ya kama aiki a marina ko wurin magina, domin rani shi ne lokacin gini da yaɓe. Da abin da ya tara zai sayi riga da takarda, ya kuma koma gida da ɗan abin biyan haraji. Bayan azahar a koma allo, da dare a sake kewaye wuta. Daga yammacin Laraba zuwa Juma'a hutu ne, ranar wanki da aski da zuwa kiɗin kasuwa. Kuɗin Laraba da 'yan unguwa ke kawowa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ke riƙe da gidan shi ne gonar malam, da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, da sadakar masu neman addu'a.

Akwai mutum biyu da masu rubuta tarihin nan sukan tsallake, alhali in babu su da makarantar ba ta kwana ko ɗaya ba. Ta farko matar malam. Almajirai sukan kira ta Inna ko Gwaggo, yadda 'ya'yan gidan ke kiran ta. Ita ta san wanda zazzaɓi ya kama, ita ke jiƙa masa saiwa, ita ke fama da ƙazuwa da kwarkwata, ita ke rufa wa mai fitsarin kwance asiri. Yaron da ya kwana yana kukan gida ba zauren malam yake nufa ba, bakin murhunta yake raɓewa. Ba ta da suna a kowane littafi, ba a yi mata zayyana, amma tambayi duk dattijon da ya yi almajirci, kafin ya gama ba ka labarin malaminsa sai ya sako ta.

Ta biyu uwar ɗaki. Matan birni suna cikin kulle, ba su fita kasuwa, suna kuwa da sana'a: fura, ƙuli-ƙuli, ƙosai, saƙa. Suna bukatar ɗan aike. Kolo ya zo ƙofar gida ya ce, "Iya, ko ɗan ƙanzo," yau da gobe har a saba, sai ranar nan a ce masa ya shigo. Daga ranar ya sami gida. Ya ɗebo ruwa, ya kai niƙa, ya share tsakar gida, ita kuma ta ajiye masa tuwonsa a rufe, ta ba shi sabulu, da salla ta ɗinka masa riga tare da 'ya'yanta. In ya yi kwana biyu bai zo ba ta aika makaranta a dubo ko lafiya. Zumunci nawa ne tsakanin gidajen birni da ƙauyukan Kaita da Rimi da Batagarawa wanda asalinsa ƙwaryar tuwo ce? Bara a wancan tsari ƙofa ce ta shiga wani gida. Unguwa mai gida ɗari tana iya ɗaukar yaro ashirin ba ta ji nauyi ba, musamman da yake ta san baƙuntar ta wata shida ce.

Ba zan ce zamanin nan aljanna ba ne. Akwai dorina, kuma akwai malamai da gardawan da hannunsu ya yi nauyi fiye da kima. Akwai mari da ake sa wa mai gudu. Sanyin Janairu a rumfar kara ba wasa ba ne, sanƙarau da ƙyanda kuma sun ɗauki yaran da iyayensu ba su ji labari ba sai bayan an binne. 'Ya'ya mata kuwa ba su cikin wannan tafiya sam. Nasu karatun a makarantar unguwa yake tsayawa, sau da yawa da wuri. Duk da haka akwai abin da ke taka wa zalunci burki. Malamin ɗan garinsu ne ko sanannen gidansu, kuma da ruwan farko zai dawo ya haɗa ido da uban kowane yaro. Wanda ya dawo da yara a rame, ko allonsu bai motsa ba, baɗi ba mai ba shi ɗa.

Jihadin Shehu Usmanu ya girgiza gidajen malamai kamar yadda ya girgiza fada. 'Yandoto, tsohon garin malamai na kudancin ƙasar Katsina, wanda yanzu yake cikin jihar Zamfara, malamansa da yawa ba su bi Shehu Usmanu ba. Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, suka watse. A 1807 birni ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan da kuwa suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Katsina da Maraɗi sun kwashe kasuwa sun kai Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a farkon 1851, ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma ya ƙiyasta mazauna cikinta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a garin da yake ganin ya taɓa ɗaukar 100,000. Fatake sun tafi, karatu bai tafi ba. Sabbin masu mulkin su kansu malamai ne, ciyar da almajiri kuwa a wurinsu aikin lada ne da ba a jayayya a kansa. Ko iyakar da Ingila da Faransa suka shata daga baya ba ta hana yaran Maraɗi da Madarunfa biyo hanyar Jibiya zuwa birni da rani ba.

A 1903 Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Turawa ba su rufe makarantun allo ba. Ƙidayarsu ta 1914 ta nuna akwai wajen 25,000 a Arewa, da ɗalibai fiye da 200,000. Abin da suka yi ya fi rufewa tasiri a hankali. Sun mayar da boko rubutun ofis, sai wanda ya sauke Alƙur'ani ya iya ajami ya wayi gari ba a lissafa shi cikin masu ilimi. Sun tattara kuɗin ƙasa cikin baitulmali da haraji na tsabar kuɗi, abin da ke gangarowa gidan malam daga fada ya ragu. Sannan a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, cikin 1922, Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya. Ita ma makarantar kwana ce, ita ma raba yaro take da gida. Amma gwamnati ke ciyar da ita, kuma ƙarshenta albashi ne. Tsakaninta da zaurukan Masanawa tafiyar ƙafa ce kaɗan, sai dai daga ranar hanyoyin biyu suka rabu. Ginin yana nan, ya zama gidan tarihi.

Duk da haka cin rani bai mutu ba a zamanin Turawa, har ma ya ƙaru. Hanyoyi sun yi lafiya, ba a tsoron mahara, gyaɗa da auduga sun sa kuɗi a hannun manomi, jirgin ƙasa ya isa Funtuwa, ya isa Nguru a 1930, tafiya gabas ta yi sauƙi. Har bayan samun 'yancin kai, yawancin yaran da ke kwana a soron malam a birni da hunturu, in ka neme su a watan Yuli a gona za ka same su.

Karyewar ta zo ne daga baya, kuma ta gona ta fara. Farin 1973 ya bar rumbuna wayam, na 1984 ya ƙarasa abin da ya rage. Uban da a da yake ƙosawa ɗansa ya dawo don ana bukatar hannunsa a noma, yanzu dawowar ƙarin baki ce a kan tukunyar da ba ta isa ba. Jama'a ta yi yawa, gonar gandu ta rarrabu tsakanin magada har ta zama ba ta ciyar da gida ɗaya shekara. Malamin da ke da gona a ƙauye ya ga zaman birni ya fi, ya daina tashi. A birnin kuma kuɗin fetur sun canja komai: famfo da injin niƙa da kayan kanti sun rage bukatar ƙananan ayyukan da almajiri ke yi, siminti da bulo sun kori maginin ƙasa, sababbin unguwanni suka zo da katanga da ƙofar ƙarfe, ba zauren da baƙo zai kwana. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya nuna yadda wannan sauyi ya bar gardawan Kano a tsaye ba madafa, har wasunsu suka faɗa tarkon Maitatsine, wanda rikicinsa na Disambar 1980 ya ci rai fiye da 4,000. Tun daga lokacin sunan gardi ya ɓaci a kunnen hukuma. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta ƙauyuka, amma bai tambayi malam komai ba, kuma da tsuke bakin aljihun 1986 ya zo, makarantun gwamnatin su ma suka lalace. Katsina ta zama babban birnin jiha a 23 ga Satumba 1987, ta ƙara faɗi, ta ƙara jan mutane. Malamin da kakansa ke riƙe yaro ashirin na wata shida, shi yana riƙe da ɗari ko fiye, shekara zagaye, ba gona, ba zakka, matarsa ɗaya ba ta ko san sunayensu duka ba. Uwar ɗaki ta ɗauki 'yar aiki. Kolo ya bar ƙofar gida ya koma bakin titi.

Ina ganin a nan ne ya kamata a yi adalci ga kowa. Akwai iyayen da suka mayar da "ga amana" hanyar sauke nauyi, su kai yaro ɗan shekara biyar su shekara uku ba su leƙa shi ba. Wannan ba koyarwar Shehu ba ce, ba ta Ɗan Masani ba ce. Akwai masu kiran kansu malamai da ke karɓar kuɗi a hannun yara kullum. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Daura da cikin birnin Katsina, abin da aka gani a jikin waɗanda aka fito da su ya isa ya hana mai imani barci. Amma akwai kuma ɗaruruwan malamai da ke kwana da yunwa tare da yaran da aka jibge musu, ba su iya cewa a'a, domin a tarbiyyarsu ba a korar mai neman Alƙur'ani.

Gwamnatoci sun gwada nasu. Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a Gagi, Sakkwato, a watan Afrilun 2012, aka gina 157 a faɗin ƙasa. Gine-gine ne masu kyau, sai dai an ɗauke yaro daga gidan malam an kai shi hannun ma'aikata, ba Inna, ba unguwa, kuma da kuɗin ciyarwa suka tsaya da yawansu suka zama kufai. A 2020, da annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. An mayar da su gida kam, amma da rakiyar jami'an tsaro, kuma kafin shekara ta zagayo da yawansu sun dawo. A watan Mayun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. A nawa ganin, duk hukumar da ba ta fara da tambaya uku ba wahala za ta yi ta sha: yara nawa gidan nan zai iya ɗauka, wa ke dafa musu, kuma yaushe za su ga iyayensu?

Wani abin lura shi ne, masu hali a birni sun dawo wa tsohon tsarin ta wata ƙofa. Makarantun haddar Alƙur'ani na kwana sun yawaita a Katsina, da yawansu na iyali ne, maigida na shugabanta, uwargida na kula da ɓangaren 'yan mata da madafa. In dogon hutun boko ya zo, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, iyaye sukan kai yara su yi makonni suna hadda, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta ƙasa kuma ta daɗe tana shirya zaman hutu na kwanaki ga matasa. Da mushafi bugun Madina ake karatun, da ruwayar Hafsu, ana hangen musabaƙar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986. Akwai katifa, akwai gidan sauro, akwai ranar ziyara, 'ya'ya mata ma sun samu shiga. Ranar da za a zo ɗaukar yaro kuwa a rubuce take tun ranar da aka kawo shi. Ina murna da waɗannan makarantu. Abin da ke damuna shi ne ɗan manomin da kakanninsa suka ƙirƙiro tsarin, shi ne yanzu ba shi da kuɗin shiga.

Shi kuma hanyarsa ta komawa ta ƙara toshewa da abin da ba a taɓa zato ba. Ƙofar Guga ita ke fitar da mutum zuwa Jibiya, Ƙofar 'Yanɗaka zuwa Batsari, Ƙofar Ƙwaya zuwa Dutsin-ma da Safana da Ɗanmusa. Ta waɗannan ƙofofi ayarin almajirai ke fita in bazara ta ƙare, tabarmi a ka, alluna a rataye, malam a kan jaki ko keke, gardawa na ɗauke da gafaka. A 'yan shekarun nan ƙauyuka da yawa a wannan yanki 'yan bindiga sun tashe su, gonakin da ke nesa da gari an daina zuwa, wasu sai an biya kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, bayan 'yan kwanaki aka tare 'yan Islamiyya a Mahuta ta ƙaramar hukumar Ɗandume suna dawowa daga Mauludi. Uban da ke gudun hijira a Batsari ko a kangon wani a bayan gari, in malam ya aika masa cewa ruwa ya sauka, a zo a ɗauki yaro, amsar da yakan bayar ita ce, "Allah gafarta malam, a ƙara haƙuri da shi, can wurinku ya fi kwanciyar hankali." Sai malam ya sa gardawa su ɗaga tabarmi daga rumfar kara su shigar da su soro saboda yayyafi, a nemo leda a rufe alluna, yaran da kakanninsu ke bin bayan sungumi a irin wannan mako su zauna a jere suna biya karatu, ruwa na zuba a kan kwano.